Na Ari Bakin Aƙilu Na Ci Masa Albasa

Ruwan ƙarshen damina ne ya tona ni. Rufin ɗakin da nake jibge tarkace ya yi yoyo, dole aka fito da akwatuna tsakar gida su sha rana, kuma a ƙasan wani akwatin ƙarfe da na yi shekaru ban buɗe ba sai ga littattafan rubutu guda biyu, irin masu ganye tamanin ɗin nan da muke saya a kantin bakin makaranta. Tawadar ta ɗan yi nashe-nashe a gefe, amma rubutun yana karantuwa. Waƙoƙi ne, talatin da ɗaya, na ƙirga. Na rubuta su tsakanin 1989 da 2003, kuma in aka cire uku da na yi kan malamaina da garinmu, duk sauran a kan mata biyu suke: wadda na nema ban samu ba, da wadda na aura muka rabu.

Na jawo kujera 'yar tsugune na karanta su tun daga bango har bango. Hannun rubutun nawa ne, babu gardama. Muryar kuwa ta Alhaji Aƙilu Aliyu ce, ko in faɗi gaskiya, inuwar muryarsa ce a bakin yaron da bai gama sanin damansa da hagunsa ba. Wannan bai dame ni ƙwarai ba, domin kowane mai koyo da rigar wani yake fara fita. Abin da ya hana ni barci shi ne matan nan biyu ba sa cikin littattafan. Akwai dai wata mace a ciki, mai kwaɗayi, mai baki biyu, mai zuciyar dutse, tana yawo daga baiti zuwa baiti. Ban taɓa zuwa zance wurinta ba, ban taɓa cin tuwonta ba. A takarda na haife ta, kuma da kayan aikin wani.

Daga nan tunanin da nake son in baje a wannan fili ya samo tushe. Idan ka kamu da son wani sha'iri, aron da yake ba ka ya wuce na kalma da kari. Yana ba ka aron ido. Da wannan idon kake waiwayen rayuwarka, kuma in ba ka yi hattara ba, da shi za ka yanke hukunci a kan mutanen da ba su san ma an shigar da su ƙara ba.

A kunne na fara haɗuwa da Aƙilu, kafin takarda. Muryarsa na ji a rediyo ina ɗan sakandare, yana rera waƙa babu kiɗa babu amshi, amma kalmomin suna bugun juna kamar ana sukuwa a kan dandaryar ƙasa. Daga baya malamin Hausarmu ya shigo aji da Fasaha Aƙiliya, kundin da kamfanin NNPC na Zariya ya buga a tsakiyar shekarun 1970, wanda Dalhatu Muhammad ya tsara. Kwafi ɗaya ne a hannun malam, saboda haka muka riƙa kwafewa da hannu, kuma duk wanda ya taɓa kwafe waƙa da hannu ya san ba ta tsayawa a takarda, shiga jini take yi.

An haifi Aƙilu a Jega, cikin jihar Kebbi ta yanzu, a 1918. Ya zo Kano neman karatu, ya wuce Barno ya yi shekaru masu yawa a Maiduguri, sannan ya dawo Kano ya zauna har rasuwarsa a 1999. Ya yi NEPU a zamanin da shiga NEPU ba wasan yara ba ne, ya jagoranci ƙungiyar marubuta waƙa ta Hausa Fasaha a lokacin da Mudi Sipikin yake jan ragamar Hikima, kuma Jami'ar Bayero ta ba shi digirin girmamawa. Na kawo wannan ne domin a ga inda harshen nasa ya yi kaifi. Mutumin da ya taso da Hausar yamma a kunnensa, ya goge a cikin ta Kano, ya zauna a ƙasar da Hausa take baƙuwa, yana da rumbun kalmomi da ba kowa ke da shi ba. Mutumin da ya yi siyasar adawa a shekarun 1950 kuwa ya san magana makami ce, ya san inda ake soka ta ta shiga. Ka saurari yadda yake jero kalmomi masu harafi ɗaya, abin da malaman adabi suke kira ƙarangiya, ko yadda yake yi wa masu raina harshensu tatas a "Hausa Mai Ban Haushi", za ka gane cewa wannan bawan Allah ba ya jifa da ƙaramin dutse.

Waƙar da ta kama ni ita ce "'Yar Gagara". Zambo ne ga karuwa, kuma a fagen gwanintar harshe ban san wata da ta fi ta ba. Sunaye ne da siffofi ake ta ɗora mata, wani kan wani, har sai mai sauraro ya rasa numfashi. Mu samarin wancan lokacin haddace ta muka yi muna yi wa juna burga da ita. Ba Aƙilu ne ya fara wannan jigon ba. Mu'azu Haɗeja ya riga ya yi tasa waƙar a kan karuwa, kamar yadda ya yi a kan giya. A yau, da furfura a gemuna, ina da ƙorafi a kan waƙoƙin biyu, domin nauyin zargin a kan mace yake sauka alhali cinikin ba na mutum ɗaya ba ne. Amma duk da haka akwai abin da dole a faɗa don adalci: su hali suke yaƙa. Macen da ke cikin waƙarsu ba ta da unguwa, ba ta da uba, ba ta da ƙanen da za a tsokana a makaranta. Ni kuwa na ɗauki wannan wuƙar da aka wasa domin hali, na nufi mutum mai suna, mai ƙofar gidan da na sani, mai tabarmar da na sha zama a kanta a zaure.

Ga yadda ta farkon ta kasance a waƙoƙina: na so ta tsakani da Allah, wani mai kuɗi ya zo da mota, ta juya mini baya. Baiti ya fi ɗari a kan wannan labarin. Ga kuma yadda abin ya kasance a ƙasa. Shekara biyu ina zuwa zance. Mahaifinta ya aiko a ce mini in turo manyana, na ce sai na gama makaranta. Ya sake aikowa bayan na gama, na ce sai na samu aiki. A karo na uku kunya da tsoro suka sa na ɗauke ƙafa wata huɗu, ko wasiƙa ban aika ba. Da na dawo an riga an karɓi kayan wani, kuma wanin nan malamin firamare ne mai babur. Babu mota. Motar a waƙa na ƙera ta.

Na daɗe ina tambayar kaina yadda aka yi na rubuta ƙarya ƙiri-ƙiri ina kuma jin gaskiya nake faɗa, har hawaye nake yi. Wani ɓangare na amsar yana cikin sana'ar kanta, kuma duk wanda ya taɓa ɗaura baiti zai gane abin da nake nufi. Rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya da amsa-amo, babba a ƙarshen kowane baiti, ƙarami a cikin ɗangaye. Idan ka zaɓi amsa-amon "ya", wanda yake da yalwa kuma masu koyo suke rububinsa, to kalmomin da za su fara yi maka sallama sanannu ne: zuciya, duniya, gaskiya, dukiya, ƙarya, tsiya. Ka rufe ɗango da zuciya, sai dukiya ta miƙo hannu. Da zarar dukiya ta shiga, dole a samo mai ita, sai ga alhaji da mota. Ƙari a kan haka, nahawun Hausa yana ƙare siffofin mace da dama da "iya": mayaudariya, maƙaryaciya, hatsabibiya, shaiɗaniya. Zagin mace yana zuwa da amsa-amonsa a ɗaure, ba sai ka wahala ba. Haka aka yi kari ya riƙa jan labari, maimakon labari ya ja kari.

Sai dai ba zan laɓe a bayan nahawu ba. Masoyiya ma da "iya" ta ƙare, haka abokiya, haka mataimakiya. Suna nan a rumbun, ni ne ban ɗebo su ba, saboda ba su da irin ƙarar da nake nema. So nake a ji ni kamar Aƙilu, kuma a kunnen yaro Aƙilu yana nufin dukan da ba a ramawa.

Sauran amsar tana cikin gidan da muka taso. Ka duba abin da magabata suka bar mana a rubuce. Muna da bege da madahu, kuma mafi kyawun kalmomin ƙauna da aka taɓa rubutawa da Hausa ga Manzon Allah aka yi su. Muna da wa'azi, muna da waƙoƙin ilmi da na siyasa, muna da marsiyya ga wanda ya rasu. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha, kuma abin da yake burge ni a irin wannan rubutun shi ne ayyukan mamacin ake lissafawa, abin da ya yi da hannunsa ga mutane. Waƙar soyayya tsakanin namiji da mace kuwa ta daɗe tana raɓe-raɓe a bakin ƙofar ɗab'i. Sai a 1982 aka samu kundi irin Dausayin Soyayya wanda Bello Sa'id ya tattara. To amma ko a nan, ina gurbin wanda kuka rabu yana raye, kuma bai cuce ka ba? Mamaci yana da marsiyya, masoyi na yanzu yana da yabo, maƙiyi yana da zambo. Tsohuwar zuma ba ta da ɗaki a gidan. Idan dole sai an ambace ta, ɗakin habaici ake kai ta.

Kunya ma tana da hannu a ciki. A al'adar da mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, furta alheri a fili game da wanda ka taɓa so abu ne mai nauyi. Fushi kuwa ba a jin kunyarsa. Namiji ya zauna a majalisa ya ce tsohuwar matarsa ba ta da tarbiyya, za a gyaɗa kai a ce Allah ya kyauta. Ya ce wallahi mutuniyar kirki ce, ni ne ban kyauta ba, sai a fara kallon juna: ko dai bai haƙura ba ne, ko biko yake shiryawa, kuma in maganar ta isa kunnen amaryar gida ranar ba za a kwana lafiya ba. Bazawara ma haka. In ta yabi tsohon mijinta, manemin da ke zaure zai tattara takalmansa. Mun gina zaman da yake biyan mutum lada in ya ɓata wanda ya rabu da shi, yake kuma cin sa tara in ya yi masa adalci. Abin mamakin shi ne addininmu akasin haka ya koyar: ayoyin saki a Suratul Baƙara suna umurni da rabuwa cikin kyautatawa, kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi kakkausan gargaɗi ga mai yaɗa sirrin abokin shimfiɗarsa. Muna karanta su a makaranta, muna ajiye su a ƙofar majalisa tare da takalmi.

Yau abin ya ma fi sauƙi. Ni sai da na nemi kari da amsa-amo kafin in yi ƙaryata, kuma ta tsaya a akwati. Yaran yanzu layi biyu ne a WhatsApp ko Facebook, kafin la'asar dangin yarinya kaf sun gani.

Wani zai ce, to Malam, ai kwaikwayo shi ne ƙofar kowace sana'a, me ya sa kake yi wa kanka wannan titsiye? Gaskiya ne, kuma manyanmu ba su ɓoye aronsu ba. Aliyu Namangi, makahon Zariya, daga waƙar Caji ta makaɗan baka ya ɗauko karin Imfiraji, ya juye abin da ke cikin tukunyar ya zuba nasa. Tukunyar ta aro ce, miyar tasa ce, shi ya sa har yau ake rera ta. Akwai kuma tahamisi, wanda a ganina babu wata hanyar nuna tasiri da ta kai shi gaskiya. Ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ka ɗora naka uku a kai, ya zama ƙwar biyar, kowa yana ganin inda naka ya tsaya da inda na mai shi ya fara. Haka aka yi da "Tabbat Haƙiƙa": Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, kuma ba wanda ya saci na wani.

Nawa aron ya bambanta da waɗannan ta fuska biyu. Na ɗauko tukunyar har da miyar, wato na ɗauko salon tare da fushin da ke cikinsa, fushin da ba a kan matsalata aka dafa shi ba. Sannan abin da na zuba wa wannan miyar ba jigo ba ne irin noma ko neman ilmi, wanda in ka kwaikwayi wani a kansa iyakarta a ce ba ka da sabon abu. Shaida ce a kan mutum. Wanda ya ba da shaida da bakin wani, ko da kowace kalma ta yi daɗin ji, shaidar zur ya bayar. Kayan aro ba ya rufe katara, amma ni nawa ma ba katarata ya bari a buɗe ba, ta wasu ya yaye.

Littafi na biyu ya fi na farko nauyi. Shekara takwas muka yi da uwar 'yata. Ba zan faɗi abin da ya raba mu ba, domin rabin labarin nata ne kuma ba ta ba ni izini ba. Abin da zan iya faɗa shi ne waƙoƙi goma sha ɗayan da na yi bayan ta tafi sun fi na farkon ƙwarewa nesa ba kusa ba. Kari ya zauna, ƙarangiya tana faɗawa inda ya dace, har akwai baitocin da na karanta a tsakar gidan nan na ji wani ɗan alfahari ya taso mini kafin kunya ta danne shi. Wannan shi ne abin tsoron. Ƙwarewa ba ta rage ƙarya ba, ta ƙara mata kyan gani ne. A cikin ɗango sama da ɗari huɗu babu inda aka ambaci cewa shekarar da na koma karatu, albashi ya tsaya wata biyar, keken ɗinkinta ne ya ciyar da gidan, daga baya kuma keken ya bar gidan gaba ɗaya domin a biya mini kuɗin rajista. Keken ɗinki ba ya shiga karin da na zaɓa. Ba shi da amo, ba ya sara, ba ya suka.

Ina cikin shanya littattafan 'yata ta fito. Ita ce ake shirin aurarwa bayan sallah. Ta ɗauki na biyun tana dariya, wai ashe Baba ma ya taɓa yin waƙa, ta buɗe tsakiya ta fara karantawa a bayyane. Ta yi baiti ɗaya da rabi sai muryarta ta yi ƙasa. Ta ƙarasa a zuci. Sannan ta ɗago ta ce, "Baba, da Umma kake?"

Na ce mata tsohon rubutu ne.

Ta ce, "Na gani. Amma ni ban san wannan matar ba." Ta rufe littafin ta ajiye shi a kan tabarma da hannu biyu, kamar yadda ake ajiye abin da ba a son ya fashe, ta koma ɗaki.

Babu wani mai nazarin adabi da ya taɓa yi mini sharhin da ya kai wannan. Ya kuma tuna mini da abin da ya faru a adabinmu lokacin da ɗaya ɓangaren ya samu alƙalami. Mata ba su taɓa yin shiru ba, suna da waƙoƙin niƙa da na daɓe, suna da amada irin ta Barmani Coge, inda habaici yake komawa ta ɗaya hanyar. Amma a fagen ɗab'i sai da aka jira. Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu sun fito a Alƙalami a Hannun Mata a 1983, Hafsat Abdulwaheed ta riga su da So Aljannar Duniya a 1980, sannan guguwar littattafan soyayya ta Kano ta taso. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka aurar tana ƙarama aka kuma sake ta, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta bayan ya yi amarya. Na tuna yadda mu maza masu ji da kanmu muka riƙa yi wa waɗannan littattafan kallon hadarin kaji, muna cewa adabin kasuwa ne. Wani sashe na wannan rainin gaskiya ne, domin akwai tarkace da yawa a cikinsu. Wani sashen kuwa haushi ne kawai na jin an karanto ƙarar daga bakin wadda muka saba yi wa hukunci ba ta nan.

Bayan wannan rana na koma na ɗauko Fasaha Aƙiliya, wannan karon kwafin kaina, na sake karantawa a hankali. Ban fita daga son mutumin ba, kuma ba na jin zan fita. Abin da na gano shi ne shekara talatin ina kallon wuƙar ban kalli hannun da ke riƙe da ita ba. Ƙarfin Aƙilu ba a zafin zambo yake ba. A cikin ƙin yarda da kalmar farko yake. Inda wani zai ce abu ya lalace ya wuce, shi sai ya nemo kalmar da ta dace da irin wannan lalacewar ita kaɗai, ta ruɓewa ce ko ta tsagewa ko ta sanƙarewa. Mutumin da ya yi "'Yar Gagara" shi ne ya yi "Kadaura Babbar Inuwa" a kan ilmi, da natsuwa da lallashi, kuma kulawar da ya ba kalma a can ita ce ya ba ta a nan. Da wannan na koya tun farko, da ban rubuta mayaudariya ba, domin kalmar farko ce da ta zo. Da na tsaya na nemi ta biyu da ta uku, da na iske cewa kalmar da ta dace da yarinyar da ta jira shekara biyu da wata huɗu ita ce wadda ta gaji.

Tasirinsa na gaske yana nan a rubutuna, kuma ina gode masa. Ba na sakin shafi sai na karanta shi a bayyane na ji inda harshe yake tuntuɓe. Ina jin ƙaiƙayi in na ga an cusa Turanci inda Hausa take da kalma tsayayya. Waƙa kuwa na daina, ba don tuba ba, sai don na gane kunnena ya fi bakina.

Saura tambayar da ta fi wuya: shin ya ma halatta mutum ya rubuta game da waɗanda ya rabu da su? Akwai masu cewa a binne kawai, abin da ya wuce ya wuce. Ban yarda da su gaba ɗaya ba. Al'ummar da aure yake yawan mutuwa a cikinta, kowa ya san haka ko ba a kawo alƙaluma ba, tana bukatar harshen da za ta yi maganar rabuwa da shi wanda ba zagi ba ne ba kuma shiru ba. 'Ya'yan da ke tsakani suna bukatarsa fiye da kowa, domin su ne suke tashi da rabin jininsu an ce musu mugu ne. Amma na sa wa kaina sharaɗi. Abin da na aikata nawa ne, ina iya baje shi. Abin da ta aikata nata ne, sai in alheri ne. Laifi tudu ne, kuma marubuci ya fi kowa iya taka nasa, domin shi yana da tsani na kalmomi da zai hau ya hango na wani daga nesa.

Ina jin na kai ga wani matsayi da wannan sharaɗin, har na fara rubuta wani ɗan guntun labari a kan keken ɗinkin, a zube, babu kari babu amsa-amo. Na ji daɗinsa ƙwarai. Na ga kaina a ciki dattijo mai adalci, mai tuna alheri.

Makon jiya uwar 'yata ta kira ni a waya kan maganar kayan ɗaki. Shekara ashirin ke nan ba ma wuce gaisuwa da abin da ya shafi yarinyar, wadda har yau ba ta faɗin sunanta, sai dai ta ce 'yar taka. Da muka gama lissafin gado da katifa sai na yi ƙarfin hali na ce, "Hajiya, kwanan nan na tuna da Singer ɗinki da kika sayar saboda karatuna. Ban taɓa yi miki godiya ba."

Ta yi shiru har na duba wayar ko ta katse. Sannan ta ce, "Malam, Butterfly ne. Kuma ban sayar ba. Jingina na bayar, kai ka ce in albashi ya fito za ka fanso."

Ban ce komai ba.

Ta ce, "Ya wuce. Yanzu tukwanen nan, saiti biyu za a saya ko uku? Yayata ta ce uku, ni kuwa na ga biyu sun isa."

Na ce a sayi uku. Da muka yi sallama na ɗauko takardar da na rubuta labarin keken, na ja layi a kan Singer, na ja a kan sayarwa, na tsaya ina duban sauran shafin.